Shekarar da Na Binne Rijiyar Babanmu

Na san abin da ake gaya muku a gari, kada ma ku sunkuyar da kai. Da kunnena na ji ƙaramin cikinku yana tambayar uwarsa wai me ya sa tsofaffin Matameye suke ce wa kakansa Binne-Rijiya. Uwar ta ce ya yi mata shiru. To kada ya yi shiru. Sunana ne, ya fi kowace riga daɗewa a wuyana, kuma rijiyar na binne ta, da hannun nan. Abin da ba a gaya muku shi ne dalili, don waɗanda suka san dalilin duk sun riga ni kwanciya. Yanzu kuma na ji kuna ƙus-ƙus, wai za ku sare dabinon da ke tsakiyar lambu ku sami wurin girke injin ban ruwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da rubutun nawa na ɗan lakwal ne, wato makarantar boko, da bai ƙarasa ba.

Lokacin bature bai tafi ba tukuna, amma an fara jin ƙishin-ƙishin tafiyarsa. Ni kuwa ina saurayi, ba aiki sai baki. An taɓa kama ni an kai ni lakwal kamar yadda ake jan akuya kasuwa, na yi ƴan shekaru, aka koro ni don na kwaikwayi tafiyar malaminmu a bayansa, ashe inuwata ta tona ni. Faransancin da na fito da shi bai isa a sayi jaki ba, amma ya isa a zagi mai jakin. Da shi nake yawo a kasuwa ina tsokanar masu awon gyaɗa, ina sa ƴan mata dariya. Babanmu Malam Idi kullum faɗa yake yi mini, amma na san lagonsa. In na saki wata magana sai ya ɗaga hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya sauke ya ce, "Allah ya shirye ka, Habu." Duk duniya ba abin da nake so kamar in ga kafaɗun nan suna rawa.

Lambunmu yana cikin kwari, inda a da in ka yi gina tsayin mutum sai ka tarar da ruwa. Kowa da rijiyarsa da jigonsa, ana jan ruwa ana kwarara wa rake da albasa da barkono. Kuma ku ji wannan da kyau, don a nan duk maganar take: a kwarin nan ba wanda yake da takardar ƙasa. Rijiya ita ce shaida. Wanda aka ba aron wuri, ya yi noma iya ransa, amma abu biyu ba zai yi ba: ba zai gina rijiya ba, ba zai dasa itace ba. Saboda haka in rigima ta tashi, mai gari tambaya ɗaya yake yi, "Wa ya gina rijiyar?" Tamu kakanmu ne ya gina ta. Ita ce ke cewa lambun nan namu ne.

Sai damina ta yi ta zuwa ba ƙarfi, ruwan kwari ya fara gudu ƙasa. Kowa ya shiga yashe rijiyarsa yana ƙara mata zurfi. In ka ƙara, ta maƙwabcinka ta ƙafe. In ya ƙara, taka ta koma laka. Mutanen da suke sallah sahu ɗaya suka koma leƙa rijiyar juna da gefen ido. A cikin wannan hali kumandan, baturen da ke mulkin yankinmu, ya aiko mana da malamin gona, wani mutumin Dahome mai keke da gajeren wando, muna ce masa Mushe Kojo, don mushe a Faransanci kamar malam ne a wurinmu. Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Aka tara mu a ƙofar mai gari ya karanta doka: ruwan kwarin nan ɗaya ne a ƙasa, rijiyoyin ne suka yi masa yawa. Za a gina babbar rijiya ta siminti, a riƙa ban ruwa bi da bi, da safe da yamma kawai, ba da tsakar rana ba. A rage rake, don shi ne sarkin sha. Ƙananan rijiyoyi kuma duk a cike su da ƙasa. Wanda ya ƙi, gardi, wato dogaran kumandan masu jar hula, za su zo su cike masa.

Wani tsoho ya tambaya a ina za a gina ta simintin. Mushe ya ce an auna, inda ruwa ya fi kusa shi ne gefen Alhaji Tanko. Shi Alhaji Tanko attajiri ne daga Damagaram, yana sayen gyaɗa da fata, kuma ya daɗe yana faɗa a bayan ido wai duk kwarin nan an ba kakansa tun zamanin da, mu duka aro muke ci. Ranar yana zaune a kan buzu yana jan carbi, ko ɗaga ido bai yi ba. Rashin ɗaga idon nan shi ya fi tsorata mutane.

Da muka koma gida bayan la'asar, Baba ya zauna a zaure bai ko taɓa furar da Inna ta dama ba.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Yau a binne rijiya, gobe ƴaƴan Alhaji su ce ina shaidarku? Rijiya ɗaya ta rage a kwari, ita ma a gefensu."

Inna daga bayan zana ta ce, "To Malam, ai gaskiya ruwan yana ƙarewa. Jiya abin da Habu ya jawo, ko jaki sai da ya yi tunani kafin ya sha."

"Ba a tambaye ki ba, Hajara." Ya juyo gare ni. "Kai, sarkin surutu. Yau ga ranar bakinka. Je ka manne wa mai gajeren wandon nan, ka ji mana cikinsa. Shi da Alhaji ne, ko shi kaɗai ne?"

Na ce, "Baba, yau ni ne ɗan aiken sirri? Ni da ko kaza na gani sai na ba ta labari?"

Kafaɗun suka ɗan motsa. Wannan ita ce ta ƙarshe da na gani, ban sani ba.

To kun ji, ba ni na kai kaina wurin Mushe ba, aika ni aka yi. Na fara da riƙe masa keke ina yi masa Faransancin kasuwa, yana dariya har da hawaye. Na bi shi lambu-lambu yana zura igiya a rijiyoyi. Ina kallonsa, yana kallona. In ya tambaye ni wa ya fi faɗa a ji a kwari, sai in nuna masa wani kurma. In na tambaye shi ina ya ci abincin rana, sai ya ce a inda aka ba shi. Ran nan na gan shi ya fito daga masaukin Alhaji yana sakace haƙori, zuciyata ta ce biri ya yi kama da mutum. Washegari kuma na ji shi yana yi wa yaron Alhaji tsawa don ya kwarara wa rake ruwa da rana tsaka, zuciyar ta ce to ko ba haka ba ne. Haka na yi ta lilo. Abu ɗaya dai na gani da idona wanda ban so na gani ba: igiyar nan tasa ba ta ƙarya. Ruwan yana sauka, kuma in aka ci gaba da tseren gina, kafin baɗi ba mai lambu, ko mu ko Alhaji.

Da aka gama rijiyar siminti sai Mushe ya ce yana son wanda zai riƙa rabon ruwa, ya ce wa wane yau kai ne, wa wane gobe. Dattawa duk suka noƙe, don sun san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Alhaji ya ce ga yaronsa. Ina jin haka na yi wuf na ce ni zan yi. Mutane suka dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Kafin magariba labari ya gama gari: ɗan Malam Idi ya ci goron bature.

Maganar itace a bakin Inna na tsince ta, ita ma ba da niyya ba. Tana tankaɗe tana mita, wai ita a garinsu wajen Tsauni an yi shari'ar wani lambu, rijiya ta daɗe da rushewa, amma dabinon da uban mai wurin ya dasa shi ya tsaya masa. Na ajiye ƙwaryar da ke hannuna. Ai abu biyu ne mai aro ba ya yi. Bature ya hana ɗaya, bai ce komai a kan ɗayan ba.

Da safe na tari Mushe da fuskar salihai. Na ce na yi wani tunani na ilimi: in aka cike rijiya, a dasa ɗan dabino a bakinta, inuwarsa za ta hana rana shanye ruwan albasa. Ya dube ni ya daɗe, yana kaɗa ƙararrawar kekensa a hankali da babban yatsa.

"Habu, kai ɗan iska ne," in ji shi. "A ƙasarmu ma wanda ya dasa kwakwa shi ne mai ƙasa."

Na ce, "Allah, Mushe? Ikon Allah. Ni inuwa kawai na sani."

"Ku dasa. Amma ko ɗigo ɗaya daga rijiyar siminti ba za a ba dabino ba. Ruwan na abinci ne. In na ji an ba shi, a tumɓuke su duka. Kai ne mai rabo, kai zan kama."

Har yau da nake rubutun nan ban san me mutumin nan yake nufi ba. Ko ya buɗe mana ƙofa ne ya rufe bakin kumandan da sharaɗi, ko ya san ɗan dabino ba ya rayuwa a rani ba ruwa, ya ba mu abin da zai mutu da kansa don Alhaji ya huta. Na juya maganar nan shekara da shekaru, kowane gefe na duba sai in ga fuska.

Na kai wa Baba dabarar ina tsammanin zai sa mini albarka. Ya saurara har na gama.

"Na aike ka ka ji cikinsa, ka dawo da cikinsa a cikinka," in ji shi. "Rijiya tana shaida yau. Itace sai ya girma. In ya mutu fa?"

"Baba, in ba mu cike da hannunmu ba, gardi za su cike da nasu, kuma su ba za su dasa komai ba."

"Su cike! A ce ƙarfi aka yi mini. Kowa ya gani, kowa ya shaida. Amma in ɗana ya zuba ƙasa da hannunsa, cewa za a yi mun yarda ba tamu ba ce."

Ku lura, maganarsa ba ta banza ba ce. Ni ma ta shige ni. Sai dai na san shaidar mutane tana mutuwa tare da su, kuma na san gardi in sun zo ba rijiya kaɗai suke taɓawa ba. Na zaga sauran masu lambu, kowa ya ce dabarar ta yi, amma kowa ya ce in fara da ta gidanmu. Wani dattijo, Baba Nomau, ya ce mini, "Yaro, mai rabon ruwa da rijiyar ubansa a buɗe? Mu ka mayar wawaye?" Da gaskiyarsa. Na tafi Tsauni wurin kawuna na ɓamɓaro ƴaƴan dabino daga gindin iyayensu, na ɗoro wa jaki.

Ranar da na yi abin da hantsi ne, kwari cike da mutane. Na kwance jigon kakanmu na kwantar da shi a gefe. Na ɗebi ƙasa a kwando na tsaya a bakin rijiyar, na ga fuskata a can ƙasa cikin ɗan ruwan da ya rage. Na nemi wata maganar ban dariya da zan faɗa, ni da ba ta taɓa yanke mini ba, na rasa. Baba yana tsaye a bakin shinge da sandarsa.

"Habu," in ji shi, ba da ƙarfi ba. "Ubana ya gina ta."

Na ce, "Na sani, Baba." Na zuba.

Bai yi zagi ba, bai yi baki ba. Juyawa ya yi ya tafi. Wani yaro daga kan shinge ya yi ihu, "Binne-Rijiya!" Shi ke nan, suna ya kama. Na cike ta, na dasa ɗan dabinon a tsakiya inda ƙasa take da sauran laima. Sauran mutane suka biyo baya ɗaya-ɗaya, suna yi suna harara ta. A gida kuwa Baba ya daina zuwa lambu, ya bar mini. In na gaishe shi ya amsa, in na yi wasa ya dube ni kamar baƙo ne ya yi magana. Inna ce kawai take ture mini tuwo tana cewa, "Ci, ɗan nan, ka rame kamar jigo."

Rabon ruwa ya kankama, kuma ban ɓoye ba, albasa ta yi kyau a shekarar. Amma zafi yana shigowa dabinan suka fara ƙonewa. Na Baba Nomau ya bushe ƙurmus. Na wane ya sunkuya. Kullum ina tsaye a kan rijiyar siminti, ruwa yana wucewa ta gabana, ba dama in ba su ko cikin tafi, don yaron Alhaji yana zaune a inuwar tsamiya ya zuba mini ido. Sai ga abin mamaki: namu bai bushe ba. Har sabon ganye ya fitar. Kowace yamma in na dawo daga cin abincin rana sai in ga gindinsa da danshi.

Nan fa aka sami abin faɗa. Masu lambu suka ce mai rabo yana satar wa nasa. Yaron Alhaji ya ce zai kai ƙara a tumɓuke duka. Ni kuma na shiga zargin kowa. Na ce ko Inna ce, ta rantse ba ta taka kwari ba. Na ce ko yaron Alhaji ne da kansa yake zubawa don a kama ni, wannan ma ya fi zauna mini. Na ce to yau ba zan je gida cin abincin rana ba. Da aka rufe ban ruwan safe kowa ya watse, na shige cikin sauran rake na laɓe, da sanda a hannu.

Rana ta take, ƙuda sun dame ni, har na fara gyangyaɗi. Sai na ji takun mutum. Na leƙa. Baba ne, da buta a hannu da buzu a kafaɗa. Tun daga gida ya taho da ita, cikin ranar nan, ya wuce masallacin unguwa. Ya tsuguna daidai bakin tsohuwar rijiyar, ya yi bismillah, ya fara alwala a kan gindin dabinon. A hankali yake yi, yana wanke kowace gaɓa sau uku, ba ɗigon da ya faɗi a waje. Da ya gama ya karkata butar ya tsiyaye sauran. Na fito daga cikin rake, sanda a hannu kamar wawa.

Ya dube ni, ya dubi sandar.

"Mai rabo," in ji shi, "dokar taku ta hana alwala?"

"Ba ta hana ba, Baba."

"Ruwan na rijiyarku ne?"

"Na gida ne, Baba."

"To kauce, ka tare mini gabas."

Na kauce. Na ajiye sandar na bi shi sallar da taimama, don ya ƙarar da ruwan.

Ni da aka sani da baki, kafin la'asar na tabbatar duk kwari sun ji. Na sake komawa Tsauni na kawo wa waɗanda nasu ya mutu. Ba a daɗe ba sai ka ga dattawa da azahar da la'asar suna gangarowa kwari a jere, kowa da butarsa. Mutanen da a da sai an yi da gaske suke kai sallah a kan lokaci suka zama waliyyai. Baba Nomau har alwala yake sabuntawa ba abin da ya karya ta. Yaron Alhaji ya kai ƙara. Aka ce Alhaji ya ja carbinsa, sannan ya ce shi da ya je Makka ba zai shiga tsakanin Musulmi da alwalarsa ba. Ko tsoron Allah ne, ko ya ga an riga shi, ko ma tun farko bai nufe mu da komai ba mu ne muka tsorata da inuwa, Allah kaɗai ya sani. Mushe Kojo kuwa da ya zo ya ga jerin butoci, kaɗa ƙararrawar kekensa kawai ya yi ya wuce.

Bayan an ba mu mulkin kai, Alhaji ya rasu, wani ɗansa ya taso da maganar kwari a gaban mai gari. Aka zo har lambu. Mai gari ya dafa dabinon nan, lokacin ya fi mutum tsayi, ya ce, "Wa ya dasa?" Magana ta mutu a nan. Waɗanda ba su sake dasawa ba bayan nasu ya bushe, biyu daga cikinsu sun rasa wurinsu, jikokinsu suna nan kuna gaisawa.

Baba bai ga wannan ranar ba. Kuma kada in yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi: bai taɓa cewa na yi daidai ba, bai taɓa shan ruwan rijiyar siminti ba, kuma har ya koma ga Allah ban sake ganin kafaɗunsa sun yi rawa don maganata ba. Na gwada, wallahi na gwada, na ƙarar da duk abin da ke bakina. Abin da na biya ke nan. Amma bai fasa gangarowa da butar nan ba har ƙafa ta gaza, ranar da ta gaza kuma ni ya miƙa wa ita.

To ga shi, ku ƴan zamani masu inji. In wuri kuke nema, ga can wajen tsamiya, fili har ya yi yawa. Ku kira ni Binne-Rijiya, ku koya wa ƴaƴanku ma, ban damu ba. Amma wanda duk ya ɗauko gatari ya nufi dabinon nan, ya sani akwai rijiyar kakana a ƙarƙashinsa, da alwalar ubana a jikinsa. Butar tana nan a rataye a ɗakina. Ƙafata ta fara gazawa, ina dubanku ɗaya-ɗaya, har yanzu ban ga wanda zan miƙa wa ba.